Kwanan Baƙo A Yerwa: Inda Araha Take Ɓoye Tsadarta

Daga ranar 29 zuwa 31 ga watan Janairu na 2025 birnin Maiduguri ya karɓi baƙuncin taro na biyar na gwamnonin yankin Tafkin Chadi, watau taron nan da yake haɗa gwamnonin jihohi da lardunan da ke kewaye da tafkin daga Nijeriya da Nijar da Chadi da Kamaru. A wannan birni ne kuma aka yi na farkonsa cikin watan Mayu na 2018, zamanin da Kashim Shettima yake gwamnan Barno. Duk wanda ya san halin da garin ya shiga a 2013, sa'ad da aka katse layukan wayar hannu wata da watanni, aka kuma rufe filin jirgin sama bayan harin da aka kai cikin Disamba, ya san ba ƙaramin abu ba ne a ce Yerwa ta koma wurin da ake sa ranar taro, baƙi su zo daga ko'ina, su kwana, su tashi.

Amma gwamna ba ya neman ɗaki. Tun kafin jirginsa ya sauka an share masa masauki, an tada injin wuta, an jera motoci. Wanda wannan fili ya damu da shi a wannan mako shi ne mutumin da yake zaune a layi na goma sha biyu cikin zauren: malamin kwaleji daga Azare, ma'aikaciyar jinya daga Gusau, ƙaramin jami'in gona daga Funtuwa, wakilin ƙungiyar ƙwadago daga Kontagora. Shi ne ake miƙa wa takardar gayyata ana saura kwana biyar, a ce ya tafi ya wakilci ofis, a kuma bar shi da tambayar da ba a rubuta amsarta cikin takardar ba: a ina zai kwana, kuma da nawa?

Sai a fara da abin da ke aljihunsa. Bisa ga tsarin kuɗin kwana da Gwamnatin Tarayya ta fitar a 2022, minista yana da naira 80,000 a kowane dare, babban sakatare naira 70,000, ma'aikaci mai mataki na 7 zuwa na 10 naira 17,500, na ƙasa da kowa kuwa naira 10,000. Watau ke nan kwana huɗu na jami'i mai mataki na 8 daidai suke da dare ɗaya na babban sakatare. A cikin wannan kuɗi ne ake so ya biya ɗaki, ya ci abinci, ya sha ruwa. An tsara wannan lissafi ne kafin a janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu na 2023, kuma kowa ya ga yadda litar da ake sayarwa ƙasa da naira 200 a farkon wannan shekara ta haura naira 1,000 kafin ƙarshen 2024. Ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma kuwa, sau da yawa da albashinsa yake tafiya, a yi masa alkawarin biya in ya dawo, alkawarin da yakan ga damina biyu bai cika ba.

Mutum mai irin wannan aljihu dole ne ya nemi araha, kuma babu mai ganin laifinsa. Abin da ya kamata ya sani kurum shi ne, a Maiduguri kuɗin da aka rubuta a allon karɓar baƙi ba shi ne kuɗin kwana ba. Rabinsa ne, ko ma bai kai ba. Sauran yana ɓoye cikin wutar lantarki, da nisan wuri, da lokacin da mutum ya iso gari.

Maganar wuta ita ce gaba da kome. A watan Janairu na 2021 mayaƙa suka tarwatsa turakun babban layin da yake kawo lantarki daga Damaturu. Aka gyara cikin Maris, ba a yi kwanaki ba suka sake kayar da shi, birnin ya shafe mafi yawan wannan shekara cikin duhu. Dalilin da ya sa ke nan kamfanin mai na ƙasa, NNPC, ya gina tashar samar da wuta mai aiki da iskar gas, mai ƙarfin megawat 50, wadda Shugaba Muhammadu Buhari ya buɗe a watan Maris na 2023. An sami sauƙi, ba shakka. Duk da haka darasin da masu otal suka koya a wancan lokaci bai gushe ba: kowane mai masauki a garin yana lissafin ɗakinsa ne da kuɗin man dizal, man da ya riga fetur tashi tun 2022. In aka ga ɗaki ya faye araha, to, galibi a wajen injin aka rage. Za a tada shi bayan sallar isha'i, a kashe shi tsakar dare, baƙo ya farka cikin gumi yana lalubar ƙofa.

Wanda bai taɓa yin bazara a Barno ba yana iya ɗaukar wannan wasa. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin yakan wuce digiri 40, kuma ginin siminti da ya sha rana tun safe ba ya hucewa sai wajen asuba. Mutumin da ya kwana yana fifita da takardar jawabinsa ba abin da zai fahimta a zauren taro kashegari, balle a ce shi ne mai gabatar da ƙasida. Ofishinsa ya biya kuɗin mota, shi ya biya kuɗin ɗaki, an tashi ba a sami abin da aka je nema ba. Saboda haka tambayar farko ga mai otal kada ta zama "Akwai na'urar sanyaya ɗaki?" domin amsar kullum "Akwai" ce, ga ta nan kuwa maƙale a bango. A tambaye shi ƙarfe nawa ake tada inji, ƙarfe nawa ake kashewa, kuma injin yana ɗaukar na'urar ko kuwa fanka da ƙwan fitila kaɗai. A tambaya ko akwai sola. Ƙaramin masauki mai sola da fanka mai juyawa har gari ya waye ya fi babban bene mai na'urar da ba ta motsi. A lokacin hunturu kuwa, daga Disamba zuwa Janairu, lissafin yakan juya: ɗaki mai fanka ya wadatar, abin tambaya shi ne ruwan zafi na wanka da bargo, kuma a nan ne mai ƙaramin ƙarfi yake iya rage kashe kuɗi ba tare da ya cuci kansa ba.

Sai nisa. Maiduguri gari ne mai faɗi, kuma baƙon da ya zo ta hanyar Kano ko ta jirgin sama daga yamma yake shigowa, ta wajen Bulumkutu. Manyan tarurruka da yawa kuwa a can ɗaya gefen ake yin su, kan hanyar Bama, inda jami'ar da aka kafa a 1975 take, da zauren El-Kanemi da babban zauren taro na Muhammadu Indimi da ke cikinta, da kuma asibitin koyarwa. Tsakanin waɗannan wurare biyu akwai gari sukutum: shataletalen Post Office, cunkoson kasuwar Monday, da kogin Ngadda wanda sai an bi ta gada. Gajiyayyen matafiyi yakan faɗa otal na farko da ya gani kusa da tasha, ya ji farashi ya yi murna, sai da safe ya gane cewa ya sayi tafiyar da zai yi sau biyu kowace rana har taro ya watse.

Kada kuma ya sa ran ɗan acaɓa zai ratsa da shi ta lungu. Tun watan Yuli na 2011 aka hana hawan babur a birnin saboda tsaro, kuma Keke Napep ce ta gaji aikin. Keke tana da araha in an bi layinta an cika ta da fasinja, ana sauka ana sake wata. Baƙon da bai san inda ake sauya keke ba, ga shi kuma ya makara, shata zai ɗauka, mai keke kuwa da jin harshensa ya san ba ɗan gari ba ne. A haɗa kuɗin shata na safe da na yamma sau huɗu, a ɗora a kan kuɗin ɗakin nan mai araha, sai a tarar ya kamo na kusa da zauren taro, wani lokaci ma ya wuce shi. Wannan lissafi ne da ɗan firamare zai iya, amma abin mamaki masu digiri ne suka fi faɗawa cikinsa. Ga kuma liyafar dare da masu taro suke son shiryawa, a tashi bayan ƙarfe goma, lokacin da kekuna suka yi ƙaranci a titi. Manyan baƙi su shiga motocinsu, a bar ma'aikaciyar jinyar nan tsaye a bakin ƙofa. Ga mace musamman, masaukin da za ta iya isa cikin 'yan mintoci tare da abokan tafiya ba alatu ba ne.

Ruwa ma yana da nasa hukunci, ta fuska biyu. Na farko shi ne na famfo: a tambaya ko gidan yana da rijiyar burtsatse tasa, domin inda babu, bokiti ɗaya ne za a ajiye wa baƙo a bakin ƙofa. Na biyu shi ne wanda mutanen garin ba za su manta ba. Daren 9 wayewar 10 ga Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, shekara talatin cif bayan ambaliyar 1994, ruwa ya mamaye Gwange da Gamboru da kewayen fadar Shehu da kasuwar Monday da Post Office, ya shiga asibitin koyarwa da gidan namun daji na Sanda Kyarimi, ya raba birnin gida biyu. Wanda taronsa ya faɗo cikin Agusta ko Satumba, yana da kyau ya san ko masaukinsa a kan tudu yake ko a kwari, kuma ko yana gefe ɗaya na kogin da zauren taro. Ko a rani ma, ɗakin ƙasa a unguwar da ruwa ya kwanta yana bukatar a duba shi da ido da hanci kafin a biya. Fenti sabo yana rufe tabon bango, amma ba ya rufe warin danshi. Gidan sauro kuwa, gara mutum ya naɗe nasa cikin jaka.

Abin da ya fi duk waɗannan nauyi shi ne lokacin isowa, domin shi kam ba batun kuɗi ba ne kaɗai. Daga Kano zuwa Maiduguri tafiya ce ta fiye da kilomita 500, ta Wudil da Azare da Potiskum da Damaturu. Daga Damaturu sai a bi ta Ngamdu da Benisheikh da Mainok da Jakana da Auno kafin a iso shingen bincike na Njimtilo, ƙofar birnin. Ranar 9 ga Fabrairu na 2020 matafiya suka iso Auno bayan sojoji sun rufe hanya da yamma, suka kwanta cikin motocinsu suna jiran safiya. Cikin dare aka auka musu, aka kashe mutum 30 ko fiye, aka ƙone motoci. Al'amura sun sauya tun daga lokacin, hanyar tana ɗaukar motoci ba adadi kowace rana, amma ƙa'idar da direbobin layin suke bi ba ta sauya ba: ana ratsa wannan yanki ne da rana tsaka. Dokokin buɗe hanya da rufe ta sukan canza gwargwadon hali, saboda haka a tambayi 'yan kamasho a tasha tun jajibiri.

Ma'anar wannan ga mai lissafin masauki a fili take. Taron kwana uku a Maiduguri kwana huɗu ne, wani lokaci biyar. Wanda ya ce zai tsimi kuɗin dare ɗaya ta hanyar tasowa a makare, ko ta hanyar kama hanya da la'asar ranar rufe taro, ya yi tsimin da bai dace da mai iyali ba. In rana ta yi masa a hanya, ya kwana Potiskum ko Damaturu, ya yi sammako. Mai jirgin sama ma bai tsira ba: ƙurar hunturu takan hana jirage sauka da tashi a garuruwan Arewa, sai a wayi gari mutum yana bin bashin dare guda da bai shirya masa ba. Kuɗin wannan dare na ko-ta-kwana ya kamata a ware shi tun daga gida, kada a taɓa shi wajen sayen hular Bama ko turaren wuta, kome kyansu kuwa.

To, me ya sa ɗakunan garin suka yi tsada tun farko? Daga wajen 2015 zuwa 2016 hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyoyin agaji na ƙasashen waje suka kwararo Maiduguri, suka kama gidaje a GRA, suka riƙa ɗaukar ɗakunan otal da zaurukan bita wata-wata. Masu gidaje da masu otal suka saba da baƙon da ba ya tayawa, aka gina sababbin masaukai domin irinsa, farashi ya bi su. Amma a farkon 2025 gwamnatin Amurka ta dakatar da mafi yawan agajin da take bayarwa a ƙasashen waje, ƙungiyoyi da yawa suka rage ayyuka da ma'aikata. Wannan masifa ce ga masu cin gajiyar agajin, ba abin murna ba ne. Sai dai ta fuskar ciniki, ɗakin da ya kwana babu kowa asara ce da mai otal ba ya iya mayarwa, kuma mutum shida da suka zo tare suna neman ɗaki uku na kwana huɗu suna da bakin magana. Su nemi manaja, ba yaron da ke bakin kanta ba, su nemi rangwame, su kuma tabbatar ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da karin kumallo da harajin kayan masarufi, wanda ya koma kashi 7.5 cikin ɗari tun Fabrairu na 2020, da kuma abin da ake kira kuɗin hidima. Da yawa ba sa jin labarin waɗannan sai ranar tafiya, jaka a hannu.

Akwai masu cewa duk wannan wahala ce, ai ana sauka gidan ɗan'uwa. Gaskiya ne Barno ba baƙuwar baƙi ba ce. Tun kafin Shehu Garbai ya kafa Yerwa a 1907 fatake suke sauka ƙasar, kuma kalmar nan fatoma da Hausawa suke kiran mai masaukin fatake da ita daga Barebari aka aro ta, domin fato a harshensu gida ne. Ta nan alhazan ƙasa suka riƙa bi zuwa Fort Lamy, wadda ake kira Njamena yanzu, su wuce Sudan su nufi Makka, kafin jirgin ƙasa ya iso garin a 1964. Fatoma ba ɗaki kaɗai yake bayarwa ba: shi ne mai ajiyar kaya, shi ne dillali, shi ne mai tsaya wa baƙo in magana ta taso. Har gobe in baƙo ya yi sallama ya ce wushe, ba za a bar shi a waje ba. Sai dai a tuna cewa gidajen garin da yawa suna ɗauke da dangin da rikici ya koro daga Bama da Gwoza da Baga da Dikwa tun 2014, an kuma rufe sansanonin cikin birni daga 2021, sa'an nan ambaliya ta zo ta bi ta kan abin da ya rage. Mai gida ba zai taɓa cewa babu wuri ba. Yara zai tasa daga ɗakinsu, ya yanka kazar da bai yi niyya ba. Wanda ya karɓi kuɗin kwana daga ofis ya je ya sauka a irin wannan gida hannu rabbana, ba tsimi ya yi ba, nauyinsa ya ɗora wa wanda ya fi shi bukata. In za a sauka, a sauka da buhun shinkafa ko abin cefane, a ba uwargida cikin mutunci.

Abin da ya rage daga aikin fatoma, wanda kuma ya fi ɗakin kyauta amfani, shi ne idon ɗan gari. Hoton da ake sakawa a intanet an ɗauke shi ne ranar da aka buɗe otal, kuma 'yan damfara sun iya buɗe shafi da sunan masauki su karɓi kafin alƙalami su ɓace. Kada a tura kuɗi cikin asusun da yake ɗauke da sunan mutum maimakon sunan otal. A roƙi abokin aiki ko tsohon ɗan makaranta da ke zaune a garin ya taka ya gani, ya buɗe famfo, ya dubi makullin ƙofa, ya ga irin mutanen da suke shiga da fita bayan magariba. Akwai masaukai masu arahar gaske waɗanda ba don matafiya aka buɗe su ba, kuma ranar da jami'an tsaro suka kai samame ba sa tambayar wanda ya zo taro. Ɗan gari ya san su duka. Shi ne kuma zai san ko gidan saukar baƙi na wata makaranta ko hukuma yana da ɗaki, irin wuraren da ba sa talla amma sukan fi otal sauƙi da natsuwa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Waɗannan ɗakuna su ake fara kamawa da zarar an sa ranar taro.

A kuma karɓi rasiɗi mai hatimi, da kwanan wata, da adadin da aka biya na gaskiya. Wasu masu karɓar baƙi sukan yi tayin rubuta fiye da abin da aka biya. Mai binciken kuɗi ya san farashin garin, kuma ƙaramin ma'aikaci ne kullum ake kamawa da irin wannan, ba babba ba.

Da sauran magana a kan masu shirya taron kansu, domin rabin wahalar nan su ne suke iya ɗauke ta ba tare da sun kashe ko kwabo ba. Kwamitin masauki a yawancin tarurruka aikinsa ya tsaya ne ga manyan baƙi goma, sauran ɗari uku kuwa Allah ya kawo su lafiya. Alhali kwamitin da yake zaune a Maiduguri, wanda ya san zai kawo wa gari ɗaruruwan masu kwana, shi ya fi kowa ƙarfin ciniki da masu otal. Zai iya zagayawa wata guda kafin taro, ya daidaita farashi da masaukai biyar ko shida na kusa da zauren, manya da ƙanana, ya rubuta sunayensu da kuɗinsu da sa'o'in wutarsu a bayan takardar gayyata. Zai iya neman motar bas ɗaya ta jami'a ko ta Borno Express ta riƙa ɗebo mahalarta da safe ta mayar da su da dare. Zai iya sa bikin rufewa da hantsi maimakon la'asar, ko kuwa ya faɗa wa ofisoshin da suka turo wakilai a rubuce cewa ranar tafiya ita ce kashegari, domin akanta ya biya kuɗin wannan dare ba tare da gardama ba. Takardar ta kuma isa hannun wakili ana saura mako uku, ba kwana biyar ba.